Amsa ga ɗan'uwan da injin bulo ya murƙushe wa hannu

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da na ajiye wayar na yi shiru. Ka ce injin buga bulo ya murƙushe maka hannu, maigida kuma ya ce in ka ƙara tayar da maganar kuɗin asibiti zai kira maka 'yan imigireshan tunda kai mutumin Nijar ne. Kana tambaya ko kana da haƙƙi. Wallahi kana da shi.

Ni daga Maraɗi na zo. A wani gidan burodi a Sabon Garin Zariya injin murza ƙullu ya cinye min yatsu biyu da asuba, bayan na kwana a tsaye. Jini na zuba maigidan ya shigo, kafin ya dube ni sai da ya leƙa injin, ya ce an yi masa asarar buhun fulawa guda. Mutumin da na yi wa aiki shekara 4, nake kira Baba! Kemis ya sa aka kai ni aka naɗe. Kwana 3 hannun ya kumbura har ya fara wari, sai 'yan ɗakinmu suka yi karo-karo suka kai ni asibitin Shika. Da na koma masa da rasit, a gaban yaransa ya ce, kai da ba ka da takarda har kana da bakin magana? Ya miƙo min dubu biyar da wata takarda, na dangwala, ina rawar jiki. Har yau in na bi ta layin nan ƙirjina zafi yake.

Don Allah kar ka dangwala komai. Daga baya na san akwai dokar diyyar ma'aikata ta 2010, hukumar NSITF, wato asusun inshorar ma'aikata na Najeriya, ke riƙe da ita, kuma dokar ta shafi ma'aikaci, har mai aikin yini. Ta ma hana maigida ya sa ka yafe diyyarka. Ka sanar da shi raunin cikin kwana 14, a rubuce, ko ta WhatsApp ne. Shi zai kai wa hukumar rahoto cikin kwana 7, neman diyya kuma cikin shekara guda. Kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikata ya kamata ya riƙa biyan hukumar, ina kyautata zaton bai taɓa biya ba, shi ya sa yake maka barazana.

Ka ɗauki hoton hannun da injin yau. Rasit ko na fanadol ne ka ajiye. Abokan aikinka fa kar ka dogara da su sosai, nawa duk sun ce ba su gani ba, ban ma riƙe su ba, abincinsu suke karewa.

Maganar takarda, Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, amma ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidarmu. Duk da haka ka nemi dattawanmu su taimaka ka gyara zamanka. A Kaduna akwai ofishin Legal Aid Council masu ba talaka lauya kyauta, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

An yi maka allurar tetanus kuwa? In hannun ya fara zafi da kumburi kar ka jira gari ya waye. Ranar Asabar ba na aiki, in kana so mu haɗu a Kwangila in ga takardunka.