Kawunanmu sun ce a cire wa Baba robar hanci

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu ne ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, yau kwanansa tara a asibiti. Tun a rana ta biyu aka saka masa roba ta hanci, ta nan ake ba shi kunu da magani, aka ce kada a ba shi komai ta baki. Leɓensa ya bushe, in muna shan ruwa sai ya riƙa bin mu da ido. Gwaggonmu ta ce duk wanda aka saka wa robar nan ba ya fita da ransa, kawunanmu kuma sun ce a cire, ai ƙarin ruwa ya ishe shi. Jiya da dare na ga an ba shi zamzam da cokali. Ni ce mai jinyarsa, na rasa yadda zan yi. Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Kada a cire robar. Kuma yau ɗin nan ki gaya wa nas ɗin da ke bakin aiki maganar cokalin jiya, ko da za a yi muku faɗa.

Maganar ƙarin ruwa gajeriya ce. Ledar ruwan sukari ta rabin lita da aka saba ratayawa, sukarin da ke cikinta giram 25 ne, ba ta wuce kalori 100 ba (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), kuma babu abincin gina jiki a cikinta ko kaɗan. Mutum mai kilo 60 da ke kwance yana buƙatar kalori 1,500 zuwa 1,800 a rana. Ki yi wa kawunanki lissafin.

Cokalin nan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai, domin kusan kullum sai na ci karo da shi. Sai dare ya yi, nas ta juya baya, a ja labule, a ɗago kan mara lafiya a ɗura masa ruwa, ko shayi, ko rubutu, ko wani jiƙo da aka shigo da shi cikin gorar lemo. Da safe in na tambaya sai a ce, "Wallahi Likita ɗan kaɗan ne, kuma ya haɗiye lafiya, ko tari bai yi ba." To, rashin tarin shi ne abin tsoron. Kusan rabin masu shanyewar jiki suna samun matsalar haɗiya a kwanakin farko. Ke in kika ƙware, tari ne ke fitar da abin da ya bi hanyar iska. Shi kuwa ciwon ya taɓa jijiyoyin da ke rufe hanyar nan lokacin haɗiya, wani ma ba ya jin abin ya shiga, balle ya yi tari. Ruwan sai ya gangara huhu shiru, ya tafi da ƙwayoyin cutar da ke cikin baki, galibi ya sauka a huhun dama saboda hanyarsa ta fi faɗi kuma ta fi miƙewa. Bayan kwana ɗaya ko biyu zazzaɓi ya taso, numfashi ya koma sama-sama, ƙirji na kurari. In Allah ya yi ikonsa, gwaggo ta ce ai ta faɗa, robar ce. Ba wanda zai tuna da cokalin.

Kuma ruwa zalla, wanda mutane ke ganin ba komai ba ne, ya fi kunu mai kauri saurin zarcewa. Albarkar zamzam ba ni da ja a kanta, amma huhu bai san bambancinsa da ruwan randa ba. A kawo shi a fili, a zuba masa ta robar, ya je ciki inda aka nufa. Masu sayar da jiƙo a bakin ƙofar asibiti suna cewa yana "buɗe maƙogwaro" kuwa, ban taɓa ganin ko ɗayansu ya dawo duba wanda ya sha ba.

Gwaggo ta ga wani abu, fassarar ce ta kuskure. Mai tsananin ciwo ake saka wa robar, shi ya sa wasu ke rasuwa da ita a hanci. Da yawa haɗiyarsu na dawowa cikin makonni kaɗan, a gwada su, a zare ta su koma cin tuwo. Wanda ya haura mako huɗu zuwa shida bai iya haɗiya ba, akan yi shawarar saka masa wata ta fatar ciki kai tsaye.

Ƙishirwar da kike gani yawanci bushewar baki ce. Ki jiƙa auduga ko tsumma mai tsabta ki matse sosai, ki goge masa harshe da dasashi sau da yawa a rana, ki shafa masa man leɓe.

Wajen ba shi abinci, a ɗaga kan gadon sosai, kamar ya kishingiɗa, kuma a bar shi haka aƙalla rabin awa bayan an gama. Kunun gyada, madara, waken suya, duk abin da aka rubuta masa, a tace shi da kyau, ya huce, a bar shi ya sauka a hankali ba a danna sirinji da ƙarfi ba. A zuba ruwa ta robar kafin da bayan kowane ci da kowane magani. Kada ku daka ƙwayar magani da kanku, wasu ba a dakawa. Ki lura da alamar da aka yi wa robar a bakin hanci. In ta fito ko da kaɗan, ko ya yi amai, ko ya fara tari ana zubawa, ki tsaya ki kira nas, kada ki tura ta ciki da hannunki. Kawunan kuma ki ce su zo da safe lokacin zagayen likitoci, su faɗi wannan magana a gaban mai kula da shi.