Harbin kafaɗa a wasan kwaikwayo: abin da muke gani a asibiti

Ƙanwata, kin ce a wasan da kike rubutawa an harbi jaruminki da tabanja, wato ƙaramar bindigar hannu, a kafaɗa, harsashin ya maka shi da bango, ya miƙe ya ci gaba da dambe, da daddare abokinsa ya ciro harsashin da wuƙa, kina tambaya ko hankali zai ɗauka. Ni ma'aikacin jinya ne a nan Gadarif, gabashin Sudan. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, balle da mutanen birnin Madani suka kwararo mana a Disamba, mun ga raunin harbi har mun gaji da gani. Ki yi haƙuri, duka ukun sai an gyara.

Maka mutum da bango dai babu shi. Da harsashi na iya ɗaga ƙato, da mai harbin ma ya kife, domin turin da ya tafi gaba shi ke dawowa hannunsa. Mutum sulalewa yake yi, wani ma ya tsaya ƙyam yana waige-waige. Wani saurayi ce min ya yi ya ɗauka jifansa aka yi, sai da ya ji takalminsa ya jiƙe sharkaf sannan ya duba. Shugaban Amurka Reagan ma, da aka harbe shi a 1981, ya zaci haƙarƙarinsa ne ya karye lokacin da aka cusa shi a mota. Da ƙafarsa ya shiga asibiti, sannan ya zube.

Ita kuwa kafaɗa, ban san wanda ya gaya wa marubuta cewa nan ne wurin sauƙi ba. Ƙarƙashin ƙashin nan da ya taso daga wuya akwai babbar jijiyar jini mai zuwa hannu, ga jijiyoyin da ke motsa yatsu, ga saman huhu dab da su. In an taɓa jijiyar jinin, cikin mintuna kaɗan sai labari ya sha bamban. Kuma ramin da harsashin milimita 9 ke bari ɗan mitsitsi ne, kamar ƙwayar gyaɗa, wani lokaci sai mun yanke riga muke gano shi. Ɓarnar tana ciki. Abin da ya kamata mai kallonki ya gani shi ne tafin hannu ya yi fari fat, gumi mai sanyi, da ƙishirwa. Suna roƙon ruwa kamar za su yi hauka, mu kuma muna hanawa saboda tiyata, uwa na tsaye da kofi tana kallonmu kamar azzalumai. Ki rubuta wannan, ya fi damben.

Wuƙar nan ki jefar. Tono ƙara zubar jini yake yi, ga ƙwayoyin cuta, kuma sau da yawa likita barin harsashin yake yi a jiki in ba ya cutarwa. Abokin kirki rawaninsa zai cire ya danne raunin da duk ƙarfinsa, yana ihun a nemo mota.

Bindigar kanta: ki ƙirga harsasai. Fistol ƙirar Makarov harsashi 8 take ɗauka a gidanta, ƙirar Glock 17 kuwa 17, libarba, wato mai gidan harsashi mai juyawa, galibi 6. Fistol tana tofar da kwanso gefe, libarba tana riƙe nata, don haka kada ɗan sandanki ya tsinci kwanson libarba a tsakar ɗaki. In a ɗaki aka yi harbin, kunnen kowa zai toshe yana ƙara, ba mai jin raɗa a lokacin.

In kuma jarumin ya rayu, ki ba shi watanni, ba kwana biyu ba. Akwai wani dattijo da aka harba a kafaɗar dama, raunin ya warke sarai amma yatsun sun ƙi lanƙwasa. Da ya dawo duba lafiya, ba ciwo ya kawo min kuka ba. Cewa ya yi ya daina zama cin abinci da baƙi, kunyar sa hagu a akushi yake ji.