Amsa: ai iyaye ne suka yarda a nuna yaransu a talabijin

Malam, ka ce tunda iyaye sun sa hannu ina matsalar, to yaron fa wa ya tambaye shi? Duba shirin Jon & Kate Plus 8 na Amurka, yara takwas kyamara na bin su tun 2007, kukansu da rigimarsu duk a idon duniya, har auren iyayen ya mutu a 2009 jama'a na ta sharhi kamar wasan ƙwallo. Wallahi abin na min ciwo. Ɗan shekara uku bai san me ake nufi da suna ko sirri ba, kuma bidiyon baya gogewa, zai girma abokan makaranta su tono. Shi ya sa Faransa ta yi doka a 2020, yaron da ake samun kuɗi da bidiyonsa a intanet a ajiye masa kasonsa kuma yana da ikon cewa a goge.