Wankin jijiyar haƙori: sirinji ko inji?

Tambaya: Salam likita, daga Tudun Wada Zariya nake. Turmin haƙorina ya yi kogo har ya taɓa jijiya, an ce sai an min rut kanal, wato a cire jijiyar a wanke ramin a cike shi. Wani kilinik sun ce da sirinji suke wanke ciki, wani kuma wai inji gare su amma kuɗinsu ya fi. Don Allah wanne ya fi kashe ƙwayoyin cuta?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya kawo sauƙi. Ni dai kafin maganar inji, ruwan wankin nake fara dubawa, don ramin jijiyar nan siriri ne ga lunguna, ƙarfen da ake kankarewa da shi ba ya kai wa ko'ina, ruwan ne ke shiga ya ƙarasa aikin. Wanda aka fi dogara da shi shi ne sodiyam haifokulorayit, ɗan gidan su bilicin wanki, daga kashi 0.5 zuwa 5.25 cikin ɗari, yana kashe ƙwayoyin cuta kuma ya narkar da ruɓaɓɓen naman da ya maƙale. Sai wani ruwan magani da ake kira EDTA, kashi 17, mai ɗauke dattin da kankarewar ta bari a bangon ramin. Wani ruwan kuma, kulohekzidin kashi 2, na kashe ƙwayoyin cuta amma ba ya narkar da komai, kuma in ya haɗu da haifokulorayit wani jan gari yake bari a ciki. Ruwan gishiri zalla kuwa ɗauraya ce kawai.

Injin, wato altirasonik, girgiza ruwan yake ya kutsa lunguna, kuma gaskiya ya fi sirinji fitar da datti. Amma da aka bibiyi warkewar ƙashin ƙasan haƙori ba a ga wani bambanci mai yawa tsakaninsu ba. In kuɗin ya miki nauyi kar ki damu kanki, sirinji a hannun likita mai haƙuri da ke ta maimaita wankin ya wadatar.

Abin da nake so ki tambaya tun kafin ki hau kujera, za su sa miki robar nan da ake kewaye haƙori da ita? Ita ke tare miyau kar ya mai da ƙwayoyin cuta ciki, ta hana ruwan zuba a baki. In kin ji zafi mai tsanani farat ɗaya ana cikin wanki ko kunci ya fara kumbura, ɗaga hannu nan take.

Kuma don Allah kar wani ya ce bari ya ɗiga Hypo a kogon haƙori a gida, ƙona dasashi zai yi. Bayan an cike, ki koma a ɗau hoton haƙorin nan da wata 6 zuwa shekara 1 ko da ciwon ya tafi, don ƙashi a hankali yake cikowa.