Hukuncin Kwalliyar Matar Da Aure Ya Kawo Legas

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mutuniyar Damagaram ce a Jamhuriyar Nijar, aure ya kawo ni Agege wata takwas da suka wuce. A gida yayata ke yi mini kitso duk mako biyu, ƙunshi kuwa mu da kanmu muke ƙullawa a tsakar gida. Nan ba ni da kowa sai shagunan gyaran gashi, kuma duk wanda na leƙa sai a ce a ƙara mini gashin doki, a liƙa mini farce da gashin ido, wata har ta nuna mini man da zai wanke mini fata. A wani shagon ma namiji ne ke wanke kai. Ga shi garin bai karɓe ni ba, kaina ba ya bushewa, ƙuraje sun feso mini a wuya. Maigida yana son kwalliya, ni kuma ina tsoron sallata. Me ya halatta, me zan bari?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. 'Yar'uwa, Allah ya ba ku zaman lafiya.

Kada baƙunta ta sa ki zubar da kwalliya. Asalin ado halal ne. A Suratul A'araf aya ta 32 Allah ya yi inkari ga masu haramta adon da ya fitar wa bayinsa, Muslim kuma ya ruwaito cewa Allah mai kyau ne, yana son kyau. Wadda ta yi ado don mijinta lada take samu. Ƙetare iyaka daga Nijar zuwa Najeriya bai taɓa hukunci ko ɗaya ba. Abin da ya sauya miki shi ne kayan da ake sayarwa, da hannun da zai taɓa ki, da iskar gari.

Zan fara da abin da ya shafi salla, tunda shi ne tsoronki, kuma tsoron yana kan hanya. Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Umar cewa wani mutum ya yi alwala ya bar wuri kamar faɗin farce a ƙafarsa, Annabi (SAW) ya ce ya koma ya kyautata alwalarsa. To, ina ga wadda ta rufe farce goma da roba? Farcen da ake liƙawa da gam, da jan farcen da ake busarwa a ƙarƙashin fitila, suna zama mako biyu zuwa uku, ba sa fita sai an jiƙa su a sinadarin cirewa na kusan minti 15. Duk alwala da wankan da aka yi a kansu ba su inganta ba, sallolin kuma sai an rama. Ga wata illar da danshin Legas ke ƙarawa: ruwa yakan shige tsakanin roba da farcen gaske ya kwanta, sai farcen ya yi kore, wani lokaci ya ɗago. Jan farce na kwalba kina iya shafa shi a kwanakin al'ada, da sharaɗin ki goge shi tas, har gefen da ya shiga nama, kafin wankan tsarki. Wanda ake tallarsa da cewa ruwa yana ratsa shi ban yarda ki dogara da shi ba, domin abin da aka ɗora mana shi ne wanke gaɓa da cuɗa ta, ba jiran laima ta tsattsafa ba.

Lalle shi ne mafitarki. Rini ne kawai, ba shi da jiki, ruwa yana isa fata. Sai dai yanzu akwai lallen kwali wanda idan ya bushe yakan bar wata 'yar fata siririya a kan hannu. Gwajinsa mai sauƙi ne: bayan kin wanke, ki kankara da farce. In ya ɓare kamar bawon albasa, shamaki ne, sai an cire shi kafin alwala. In bai ɓare ba, launi ne, ki yi alwalarki. Baƙin dayis kuma ba matsalar alwala gare shi ba, matsalar cuta ce. Yawancinsa yana ɗauke da sinadarin PPD na rinin gashi, wanda kan sa wasu fata ta kumbura ta yi bororo daidai da zanen, tabon ya daɗe. In ba makawa, ki ɗiga kaɗan a cikin gwiwar hannu ki jira awa 48. Da kin ji ƙaiƙayi ko kin ga ja, ya haramta gare ki, saboda hadisin da Imam Malik ya kawo cewa babu cuta babu cutarwa. Garin lallen gida ki sa a aiko miki da shi, ki zuba a kwalba mai murfi mai kamawa, don danshi yana kashe ƙarfinsa.

Hoda, jan baki, gazal da jagira duk halal ne. Wanda ruwa ba ya wankewa, ki goge shi da ɗan mai da sabulu kafin alwala. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce ki yi alwala tukuna sannan ki yi kwalliya, ko ki ajiye mai nauyin sai bayan Isha'i.

Yanzu kitso, kuma a nan zan ɗan zauna. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar cewa wata mata ta zo ta ce 'yarta amarya ce, ƙyanda ta zubar mata da gashi, ko ta ƙara mata wani? Annabi (SAW) ya ce Allah ya la'anci mai ƙarin gashi da wadda ake ƙara wa. Ki lura da halin yarinyar: amarya ce, kuma cuta ce ta jawo, amma ba a yi mata rangwame ba. Gashin mutum, wanda ake sayarwa da tsada, babu saɓani a kan haramcinsa. Na roba, wanda muke kira gashin doki, malaman Hanafiyya da Laisu ɗan Sa'ad sun sassauta a kan abin da ba gashin ɗan Adam ba, amma Imam Malik ya hana ƙari da komai, hujjarsa hadisin Jabir a Muslim cewa Annabi (SAW) ya tsawatar a kan mace ta sadar da wani abu da gashin kanta. Wannan shi na rinjayar, musamman da yake gashin dokin yanzu an yi shi ne don mai kallo ya ɗauka na gaske ne. Hular gashi ma tana bin sahunsa, kuma shafar kai a kanta ba ta isarwa. Zare mai launi wanda kowa ya san ba gashi ba ne, Alƙali Iyal ya ce bai shiga hanin ba.

Amma zaren yana da nasa lissafin a wurin tsarki. Ummu Salama ta tambayi Annabi (SAW) ko za ta tsefe kitsonta don wankan janaba, ya ce a'a, ya ishe ta ta kamfata ruwa sau uku ta zuba a kanta, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Malamanmu na Malikiyya suka yi dalla-dalla. Kitson da aka yi da gashi zalla ba a tsefe shi don alwala, ba a kuma tsefe shi don wanka sai in ya tsananta har ruwa ba ya shiga. Wanda aka sa wa zare ɗaya ko biyu, in ya yi tsauri a tsefe shi don alwala da wanka. Wanda aka sa wa zare uku ko fiye, tsefewa ce a kowane hali. Ke nan irin kitson da ake naɗe gashi da zare ko ulu daga tushe har baki ba na matar aure mai salla ba ne, sai a kwanakin al'ada. Ki ce wa makitsiya ta yi miki shuku ko zane mai layi manya, takwas zuwa goma, kada ta ja. Gwajin shi ne kan yatsarki ya iya motsa tushen kitson. Wajen wanka ki zuba ruwa ki matsa kowane layi da tafin hannu har ki ji sanyi a fatar kai. Ba sai kin ƙarar da jarkar mai ruwa ba, Annabi (SAW) yana wanka da sa'i guda, wajen lita 3.

Manyan layukan nan su ne kuma maganin rashin bushewar da kika ambata. Iskar Damagaram tana shanye ruwan kai kafin ki gama shafa mai, ta Legas kuwa ita kanta a jiƙe take, balle daga Afrilu zuwa Yuli. Ki matse kan da tawul, ki zauna gaban fanka minti 20 zuwa 30 kafin ki ɗaura ɗankwali, kuma hular ciki ta zama ta auduga. Jiƙaƙƙen kai a ƙarƙashin hijabi yakan kawo wari da amosani. Kada kitso ya wuce mako biyu. Man kaɗanya, wanda Yarbawa ke kira ori, kamar ƙwayar gyaɗa biyu ya ishi kai duka, a jikin gashi, ba a fatar kai ba. Ƙurajen wuyanki kuwa, mai nauyin da kika saba laftawa saboda hunturu yana toshe ƙofofin gumi a nan. Ki rage shi, ki yi wanka safe da yamma, ki sa tufafin auduga. In mako biyu suka wuce ba su lafa ba, ko ƙyasbi ya fito, ki ga likita, kada ki sayi man haɗe-haɗe a kan tebur.

Gira: hadisin Ibn Mas'ud a Bukhari da Muslim ya la'anci masu tsaga jiki su cusa launi, da masu tsige gira, da masu yin wushiryar ƙarya. Zanen girar da ake yi da ƙananan allurai, a shigar da tawada cikin fata ta zauna shekara ko fiye, shi ne ainihin abin da aka la'anta ko da an sauya masa suna. Wasu malaman Malikiyya na baya sun ɗora hanin tsige gira a kan macen da aka hana ado, kamar mai takaba, amma lafazin hadisin bai ware kowa ba, don haka ki bar girarki ki gyara ta da jagira. Gashin ido na liƙawa ma ki bar shi. Ƙari ne, gam ɗinsa kuma yana tare ruwa a fatar ido.

Man da aka ce zai wanke ki, bilicin ne, kuma haram ne. Allah ya lissafa bambancin launukanmu cikin ayoyinsa a Suratur Rum aya ta 22, ga kuma cutar da take a fili. Abin da ke cikin waɗannan mayuka sau da yawa sinadarin haidirokwinon ne, ko sitiroyid, ko zaiba. Na farko in an daɗe ana shafawa yakan bar baƙin tabo a kumatu mai wuyar fita. Na biyu yana sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta tsattsage, rauni ya ƙi warkewa. Na uku yana lalata ƙoda, yana kuma isa ga ɗan da ke ciki. A 2023 hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Mai da aka ɗura a kwalba babu suna babu lambar hukuma, kada ya shiga ɗakinki ko da an rantse miki da ganye aka yi shi. Maganin tabo da likita ya rubuta na ƙayyadadden lokaci magani ne, bai shiga wannan hukuncin ba. Dilka da sabulun salo da kurkur halal ne, datti suke cirewa.

Namiji ya wanke miki kai ko ya yi miki kitso haram ne, babu lalura a ciki. Haka zama kai buɗe a shagon da ƙofarsa ke kallon titi. Makitsiyar da ba Musulma ba, mashhurin mazhabarmu ya hana a buɗe mata abin da ya wuce fuska da tafuka don gudun kada ta siffanta ki ga maza, Hambaliyya sun ɗauke ta kamar Musulma, Alƙali Ibnul Arabi daga cikin malamanmu ma ya inganta halaccin. Ki fara neman Musulma, ba za ki rasa ba a Agege, Idi-Araba ko Mile 12, Bahaushiya ko Bayarabiya, kuma matan Islamiyyar unguwarku sun san masu zuwa gida. In ba ki samu ba, amintacciya ta wadatar. Ki kafa sharaɗi tun kafin ki cire ɗankwali cewa ba hoto, domin da yawa suna ɗaukar kan mai kitso su sa a Instagram don talla. Ki tafi da matajinki, kuma reza sabuwa kawai, saboda ciwon hanta yana bin jini.

Anas ya ce an iyakance musu kada su wuce kwana 40 ba su yanke farce ba, ba su cire gashin hammata da na mara ba. Wannan aikin hannunki ne, ba a kai tsakanin cibiya da gwiwa shago. Halawa kina iya dafa ta da kanki: sukari kofi 2, ruwan lemon tsami rubu'in kofi, ruwa rubu'in kofi, a wuta kaɗan har ta yi launin zuma. Ki ɗiga a ruwan sanyi, in ta dunƙule ta yi. A nan sai kin ɗan ƙara mata wuta fiye da yadda kika saba, ki kuma shafa hoda a fatar tukuna, in ba haka ba gumi zai narkar da ita ta manne miki.

Tozali sunna ne, amma wanda hadisi ya yaba shi ne nau'in kwallin da Larabawa ke kira ismid. Dutsen kwalli mai ƙyalli da ake sayarwa a kasuwa, wanda Yarbawa ke kira tiro, sau da yawa dalma ce. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a Boston da gubar dalma ta shiga jininsa ta tiron da ake sa masa, da aka auna shi dalmar ciki ta haura kashi 80 cikin 100. Ki nemi mai rajista, jariri kuwa kada a sa masa.

Humra da turaren wuta ki yi su yadda kike so a cikin ɗakinki. Sai dai Annabi (SAW) ya hana mai zuwa masallaci ta taɓa turare, balle mai shiga motar haya ta danfo ta zauna kafaɗa da kafaɗa da maza tun daga Agege har Oshodi. Ki ware hijabin fita guda biyu a leda daban, nesa da inda kike turara kaya, domin hayaƙin yana kama yadi ya kwana uku bai sake shi ba.

Allah ne mafi sani.