Na'urar hannu za ta iya tabbatar da cewa gahawata ta Habasha ce?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da niƙaƙƙiyar gahawa a Gusau. Na saro buhu uku da aka rubuta wa "Arabika ta Habasha", amma masu saye suna ƙorafin ɗaci. Wani ya ce in biya shi ya haska ta da 'yar na'ura, ya ba ni takardar shaida. Jarina duk yana ciki. In yarda?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka biya shi tukuna.

Wannan ɗacin ya sa na fi zargin an gauraya maka robusta, wani nau'in gahawa daban da arabika, wadda kafeyin ɗinta ya kai kusan ninki biyu na arabika, ko kuma an ƙona waken sosai don a ɓoye gaurayen. Gano robusta ba wuya a ɗakin gwaji: tana ɗauke da sinadarin 16-OMC mai yawa, arabika kuwa burbushi kawai, na'urar ɗakin gwaji mai suna NMR tana nuna shi sarai. Gaurayen masara ko sha'ir ma ka iya gwadawa da kanka: dafa garin, tace, bar ruwan ya huce, ka ɗiga aidin. In ya koma shuɗi mai duhu, akwai hatsi.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda mutane suka ɗauka na'urar tana karanta sunan ƙasa a jikin wake. Ba ta yi. Hasken infirared, wanda ido ba ya gani, take harbawa, ta auna abin da ruwa da mai da kafeyin suka shanye, ta fitar da zane. Zanen nan ba ya cewa komai sai an gwada shi da na samfurori masu yawa waɗanda aka san gonarsu, daga yankunan Sidama, Yirgachefe da Harar na Habasha, da na Birazil da Biyetnam, kuma na kaka daban-daban. In babu wannan ma'ajiyar, ko an gina ta da ɗanyen wake ana haska gasasshe, sakamakon shirme ne. Gasa waken yana sauya zanen. Laushin niƙa yana sauya shi. Danshi ma haka: garin da ya sha iskar damina a shago ba zai ba da zanen da ya bayar da hunturu ba. Wasu har ta bayan leda suke haskawa, su auna roba su ce Habasha! Inda ake son hujja mai ƙarfi kan asali, ana ƙarawa da awon aisotof, wato nau'o'in sinadari guda masu bambancin nauyi, na iskar oksijin da sinadarin sitironshiyam, wanda ke bin ruwan sama da ƙasar gona, kuma ba aikin na'urar aljihu ba ne.

Haɗarin ya wuce asarar kuɗi. Mai riƙe da irin wannan takarda sai ya ɗauka kayansa lafiya lau, alhali na'urar ba ta iya ganin okiratoksin A, gubar fumfuna mai illa ga ƙoda, wadda gashi ba ya kawar da ita duka. Tarayyar Turai ta ƙayyade ta a maikirogiram 3 cikin kilo na gasasshiyar gahawa tun 2023.

Tambayi mutumin: samfurori nawa ke ma'ajiyarsa, ɗanye ko gasasshe, kuma sau nawa take kuskure? Ba shi gari biyu ba tare da suna ba, ɗaya ka gauraya masa robusta da hannunka. In ya kasa bambancewa, ku rabu. Sannan ɗebi sama, tsakiya da ƙasan kowane buhu, kamar giram 100, ka rufe a kwalba busasshiya, ka nemi ofishin NAFDAC su nuna maka ɗakin gwajin da aka amince da shi. Saro na gaba, sayi wake ba gari ba.