An ce in biya a rubuta ni a horon lauya, ba sai na taka ofis ba

Tambaya:

Assalamu alaikum Ustaz, Allah ya ƙara girma. Ni 'yarka ce daga Makka. Hausawa ne mu, amma muna da katin ɗan ƙasa tun daga kan kakanmu. Bara na gama karatun doka a Jami'ar Ummul Ƙura. Wata tara ke nan ina tura takardar neman horo ofisoshin lauyoyi a Jidda da Riyad, sun haura 40, biyu kaɗai suka amsa, su ma haƙuri suka ba ni. Yanzu wani mu'aƙƙib, wato mai bi wa mutane takardu a ofisoshin gwamnati, da kawuna ya sani ya ce in kawo riyal 12,000, akwai lauyan da zai rubuta sunana a matsayin mai horo, wato mai koyon aikin lauya a ofishinsa, in yi zamana a gida har shekara biyu ta cika, in karɓi takarda in nemi lasisi. Mahaifiyata har ta fara zancen sayar da awarwaronta. Ɗan ƙanwarta ma, shi igama gare shi, wato katin zaman baƙo, an yi masa irin wannan tayin. Wallahi barci ya gagare ni. In biya ne?

Amsa:

Wa'alaikumus salam 'yata. Kafin ki ƙarasa karanta wannan, je ki ce wa Hajiya ta mayar da awarwaronta cikin akwati ta kulle. Kada ki biya ko halala ɗaya.

Na ji ciwon wata taran nan, kuma ba zan raina shi ba. Amma shirun ofisoshi matsala ce mai magani, zan zo kanta. Abin da mutumin nan ya kawo miki shi ne ba shi da magani idan ya kama ki, kuma na gaji da ganinsa. Da wuya sati ya wuce ban ji wani yaro ko wata uwa sun kawo mini wannan magana ba, daga unguwar Misfala ne, daga Shara Mansur ne, daga Sabil ne. Salon ɗaya ne kullum: "Ai takarda ce kawai ake nema, kowa haka yake yi." Nan ne ƙaryar take, kuma a kanta zan daɗe.

Kin san dokar aikin lauya ta 1422 bayan Hijira, wato 2001, kin kuma san gyaran 2022 da ya rage wa mai digirin farko shekarun ƙwarewa daga uku zuwa biyu. Abin da doka ta nema ƙwarewa ce a aikin kansa. Takardar shaida ce kawai cewa an yi. Idan ba a yi ba aka rubuta an yi, aka miƙa wa Ma'aikatar Shari'a, sunan wannan a dokar ƙasar nan tazwir, wato jabu, kuma akwai doka sukutum da aka yi dominsa. Wanda ya rubuta ya shiga, wanda ya yi amfani da ita yana sane ya shiga. Mu'aƙƙib ba ya sa hannu a ko'ina. Sunanki ne da lambar katinki za su zauna a kan fom ɗin.

To ki buɗe dokar aikin lauyan nan ki sake duba sharuɗɗan lasisi a sashe na uku. A ciki akwai cewa mai nema kada ya zama an taɓa yanke masa hukunci a laifin da ya taɓa mutunci ko amana, sai in shekara biyar ta wuce bayan gama hukuncin. Kin ga lissafin? Don gudun shekara biyu mutum ya sayi abin da zai iya rufe masa ƙofa shekara biyar ko fiye, ban da kunyar da ba ta wankuwa a gari irin Makka inda kowa ya san gidan kowa. Sauri ya haifi nawa.

Masu wannan sana'a suna ba da labarin zamanin da ya wuce, lokacin da fayil ke barci a kabad sai an tashe shi da wasɗa, wato sanayya. Yau rajistar mai horo a Najiz take, shafin intanet na Ma'aikatar Shari'a. Kwangilar aiki tana Qiwa, shafin Ma'aikatar Ƙwadago. Sunan ma'aikaci yana hukumar ta'aminat, mai inshorar ma'aikata. Albashi ta banki yake bi. Wakilci na lantarki ne, zaman kotu ma da yawa ta bidiyo ake yi, ana rubuta wanda ya halarta. Mai horo na gaskiya yana barin sawu duk inda ya taka. Wadda ta yi shekara biyu a ɗakin uwarta ba ta da sawu ko ɗaya, kuma rashin sawun shi kansa magana ne. Ranar da aka kai ƙarar lauyan nan gaban kwamitin ladabtarwa kan wani abu daban, aka buɗe fayil ɗin ofishinsa, duk sunan da ya saya ko ya sayar zai fito jere. Ramin ƙarya ƙurarre ne, yanzu kuma an sa masa kwamfuta a baki.

Ga abin da ya fi ba ni haushi, wanda mu'aƙƙib ba zai taɓa gaya wa kawunki ba. An wajabta wa ofisoshi cika kason 'yan ƙasa a ayyukan doka, an fara da kashi 50 aka ɗaga zuwa 70, kuma ba a ƙirga mai digirin farko a kason sai albashinsa ya kai riyal 5,500. Ma'ana sunan 'yar ƙasa mai shahadar doka, wato takardar digiri, kaya ne mai tsada a kasuwar nan. Ofishin da ke son sunanki ba ya son ganin fuskarki, shi ne mai buƙata. Ya cika kasonsa da ke, ya samu damar kawo wasu ma'aikata daga waje, sannan ke kuma ki biya shi. An ci da guminki, an kuma karɓi kuɗin wanke kwano a hannunki. Wannan ma laifi ne mai zaman kansa a wajen Ma'aikatar Ƙwadago, shi ne sa'awada ta bogi, wato ɗaukar ɗan ƙasa aiki a takarda kawai. Kuma da zarar sunanki ya hau a matsayin mai aiki, shirin Tamheer na asusun gwamnati na Hadaf, wanda ke ba wa ɗan ƙasa da ya gama karatu riyal 3,000 a wata yana koyon aiki, ya kuɓuce miki, don na wanda ba ya kan aiki ne.

A ce ma Allah ya rufa asiri ba a kama ba. Bari in ba ki abin da na gani da idona. Wani saurayi ya zo mana neman aiki, farar riga ta sha guga, lasisinsa sabo fil. Na tura masa fayil ɗin wani hukuncin kotun kasuwanci, na ce ga ranar da aka miƙa mana kwafin hukunci, yaushe ne ranar ƙarshe ta ɗaukaka ƙara? Ya juya takardar gaba, ya juya baya, ya gyara agogo. Kwana 30 ne, a al'amuran gaggawa kwana 10, yaron da ya yi wata uku a ofis na gaskiya a cikin barci zai faɗa miki, don ya taɓa ganin maigidansa yana zufa a daren kwana na 29. Na ce to buɗe Najiz ka nuna mini inda ake shigar da takardar martani. Sai ya ce wayarsa ba caji. Na ba shi shayi, muka yi hira, a ƙarshe ya faɗa mini da bakinsa inda ya yi "horon" nasa: a shagon wayar yayansa. Tausayi ya ba ni ƙwarai. Amma ki ɗauka ba ni ya samu ba, wata bazawara ce ta kawo masa shari'ar gadon marayunta, ya bar wa'adi ya wuce, hukunci ya zama tabbatacce. Wa zai biya ta? Mu'aƙƙib? Lauya wakili ne, wakili kuma amintacce ne a shari'ar da ku da kanku kuka karanta. Mutum ya fara aikin amana da shaidar zur a kan kansa, sannan gobe ya miƙe gaban alƙali yana neman a rantsar da wani. Iyayenmu da suka zo ƙasar nan da ƙafa ta Sudan, suka haye daga Sawakin, ba su bar mana dukiya ba, sunan kirki suka bari, shi ya sa har yau ake ba Bahaushe ajiya. Ba za mu sayar da shi riyal 12,000 ba.

Shi kuwa ɗan'uwanki mai igama, nasa zaluncin ya fi muni, don an sayar masa da abin da babu shi sam. Sharaɗin farko na lasisin lauya a nan shi ne zama ɗan ƙasa, in ban da abin da yarjejeniya da wasu ƙasashe ta tanada. Ko shekara goma ya yi yana horo, lasisi ba zai fito ba. Ƙofar da baƙo yake da ita ita ce mai ba da shawarar doka a ƙarƙashin lauya mai lasisi, da kwangila da rajista, shi ma sai bayan ya tara shekarun aiki. Wanda ya yi aikin lauya ba bisa ƙa'ida ba, doka ta ce ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba, ko tarar da ba ta gaza riyal 30,000 ba, ko duka biyun. Idan kuma aka ce masa ya buɗe ofis da sunan wani ɗan ƙasa, wannan tasattur ne, ɗauri har shekara biyar da tara har riyal miliyan biyar, sannan tarhil, wato kora daga ƙasar. Idan aikin kotu yake so kuma fasfonsa na Nijeriya ne, hanyarsa ta Makarantar Horon Lauyoyi ce da ke Bwari, ya rubuta wa hukumarta ya ji matsayin shahadarsa tun kafin ya sayi tikiti. Ya turo mini tambayarsa daban.

Mu koma kan shirun. Ina da zato, kuma ki gafarce ni idan na yi kuskure: wasiƙa ɗaya kika rubuta kika watsa wa ofis 40. Ina ganin irinsu kullum, wani lokaci har adireshin sauran ofisoshin a jere a sama, "zuwa ga wanda abin ya shafa". Sakatarenmu ba ya kai layi na biyu. Ki zaɓi ofis goma kacal. Ki san me kowanne yake yi. Wanda aikinsa rikicin kamfanoni ne, ki nuna masa kin karanta sabuwar dokar kamfanoni da ta fara aiki a Janairun 2023. Wanda ke kwangiloli, ki haɗa masa shafi biyu da kika rubuta da kanki kan wani sashe na dokar mu'amalolin farar hula ta 2023. Shafi biyun nan sun fi takardun halartar kwas goma sha biyar da yara ke tarawa suna liƙawa. Tarihin karatu da aiki shafi ɗaya, da Larabci, da kuma Turanci idan Turancinki zai iya tsayuwa a hira. Idan ba zai iya ba, kada ki ari na wani.

Sannan ki sauke ido daga dogayen benayen Riyad. Gaskiya ne tun Maris ɗin 2023 aka fara ba kamfanonin waje lasisi, Clifford Chance da Latham & Watkins da Herbert Smith Freehills ne na farko, kuma kowane yaro can yake hari. Suna ɗaukar kaɗan, a lokaci sananne, ta shafukansu, kuma Turanci ne abincinsu. Ki gwada, ba laifi. Amma ofis mai lauya uku a unguwar Aziziyya zai iya sa ki rubuta ƙara a watanki na biyu, abin da a babban kamfani sai ki shekara ba ki taɓa ba. Ki bi sanarwar Ƙungiyar Lauyoyin Saudiyya da ta Cibiyar Horon Shari'a ta ma'aikatar, ki je tarukansu a gan ki. Tun 2013 mata ke karɓar lasisi a ƙasar nan, na farkon nan yanzu da ofisoshinsu, da yawansu kuma sun fi son mace mai horo saboda shari'o'in iyali.

Hausarki ma ki rubuta ta a takardar, kada ki ɓoye. A Makka da Jidda akwai shari'o'in ƙwadago da gado da diyya da masu su ba sa jin komai sai Hausa, lauya ya rasa yadda zai yi da su. Ni kaina ta wannan ƙofa na shiga ofis na farko, tafinta aka ɗauke ni kafin a gane na iya rubuta martani.

Idan an kira ki, ki yi tambaya uku kafin zancen kuɗi: za a rubuta ni a Najiz daga ranar da na fara, wane lauya ne zai kula da ni da sunansa, kuma zan riƙa shiga zaman kotu? Ki duba sunan lauyan a jerin masu lasisi na ma'aikatar. Horon da jami'a ta tura ki lokacin karatu daban ne, kada ki ɗauka ya shiga lissafin shekara biyun. Wasiƙun goman nan, ki tura su ranar Lahadi da safe, bayan kwana goma ki bi su da waya, ki nemi manajan ofis, ki ambaci shafi biyun da kika haɗa.